Sirrin Kiɗan Mantovani

Tambaya: Malam, duk lokacin da na saurari faifan Mantovani sai in ji gogen Turawansa kamar ruwa na gangarowa daga tsauni. Dabarar na'ura ce?

Amsa: Ko kusa, aikin hannu ne. An haifi Annunzio Paolo Mantovani, shahararren jagoran ƙungiyar makaɗa, a Benis ta Italiya a 1905, iyayensa suka kai shi Ingila a 1912. Ronald Binge, mai tsara masa kiɗa, shi ya ƙirƙiro salon, kuma waƙar Charmaine ta 1951 a kamfanin faifai na Decca ce ta fito da salon duniya.

Ana raba masu goge rukuni-rukuni. Na farko su ja sautin farko su riƙe, na biyu su shigo da na gaba kafin wancan ya mutu, haka har layin ya ƙare. Sautukan sai su hau kan juna kamar amsa-kuwwa a babban coci.

Wahalar tana wajen daidaito. Rukuni ɗaya ya makara ko da ƙiftawar ido, ko ya danna bakan goge fiye da sauran, sai kiɗan ya cakuɗe. Mantovani shi kansa gwanin goge ne, kunnensa ba ya barin irin wannan ta wuce. Ya rasu a 1980.