Ki yi ta yi masa magana, yana jin ki

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin labarin jikana. Kin ce duk wanda ya ɗauke shi sai ya siranta murya yana jan kalmomi, yana yi masa tambaya yana ba kansa amsa. Wata ƙawarki kuma ta ce al'adar tsofaffi ce kawai, ɗan wata biyu bai san me ake faɗa ba, ƙila ma a ɓata masa harshe. Kina so ki ji ko ki bi ko ki bari.

Ki bi. Gaskiya ne bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba tukuna, amma ji daban, ganewa daban, kuma shi ji tun yana ciki ya fara. A watanni ukun ƙarshe na ciki kunnen ɗa yana aiki. Kalmomi ba sa isa gare shi dalla-dalla, hawa da saukar murya ne ke ratsawa, kuma taki ce ta fi kowace isa, tunda ta cikin jikinki take bi. A 1980 wasu masu bincike a Amurka, DeCasper da Fifer, sun ba jarirai sabbin haihuwa, waɗanda ba su wuce kwana uku ba, robar tsotso da aka jona da na'ura. In jariri ya yi tsotso ta wani salo sai ya ji muryar uwarsa, in ya sauya salo sai ya ji ta wata mace. Jariran nan suka riƙa bin salon da ke kawo muryar uwa. A 1988 kuma a Faransa aka ga 'yan kwana huɗu suna bambanta Faransancin da suka saba ji da Rashanci.

Ita siririyar muryar nan, iyaye masu harsuna da dama a duniya suna yin ta ba wanda ya koya musu, kuma tana da aikinta. Magana takan yi sannu, wasula su yi tsawo, jimla ta gajarta, a maimaita abu sau biyu sau uku. Anne Fernald ta gwada 'yan wata huɗu a 1985, suka fi juya kai wajen irin wannan murya a kan wadda manya ke yi wa junansu. Inda nake tare da ƙawarki wuri ɗaya ne: ki ja muryar yadda kike so, amma kalmar ki faɗe ta cikakkiya. Shi zai yi gwarancinsa in lokaci ya yi, ke ba sai kin taya shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kunnen jarirai ke rufewa da wuri ga sautukan harshen da ba su saba ji ba. Janet Werker da Richard Tees a Kanada, a 1984, sun sa wa 'ya'yan masu Turanci wasu sautuka biyu na harshen Hindi waɗanda babba Bature ke ji kamar ɗaya. 'Yan wata 6 zuwa 8 suka raba su, 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu suka kasa. Kafin yaro ya shekara, kunnensa ya riga ya karkata ga abin da yake ji kullum. A waɗannan watannin ne jikana zai riƙe bambancin "ba" da "ɓa", "ka" da "ƙa", kuma daga bakinku zai riƙe.

Kada ki ce waya ko talabijin za su ɗauke miki wannan aikin. A 2003 Patricia Kuhl ta sa masu Sinanci sun yi zama 12 da jariran Amurka 'yan wata 9, suna wasa da su suna yi musu magana, kuma yaran suka kama sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa irin wannan zaman a bidiyo ko a kaset ba su kama komai ba.

To ga yadda za ki yi. In kina sauya masa kaya, ki matso da fuskarki inda zai gan ki sosai, ki faɗi abin da kike yi: ga hannu, ga ɗayan, mun sa riga. Sai ki yi shiru ki jira, a nan mutane da yawa ke gaggawa. Za ki ga ya ƙura wa bakinki ido, girarsa ta ɗaga, ƙafafu na harbawa, leɓe na motsi, can sai ya saki ɗan "aa" ko "uu". Amsarsa ke nan, ki karɓa, ki mayar masa, ki sake jira. In ya kawar da kai ko ya fara hamma, ya gaji, ki bar shi ya huta. Babansa ma ya riƙa yi, muryar namiji ba ta hana komai.

Ki kuma sa ido a kan jinsa. In ƙara mai ƙarfi ba ta razana shi, ko ya kai wata uku muryarki ba ta sa shi yin tsit ko murmushi, ko ya kai wata shida ba ya waiwayo wajen sauti, ki kai shi asibiti a auna masa kunne, kada ki tsaya jiran ya girma. Ki gaishe mini da maigidanki.