Yaya filatinam ke taruwa a siririyar shimfiɗa ɗaya cikin dutse mai kaurin kilomita 8?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin ƙasa ne daga Gusau. Na karanta cewa yawancin filatinam na duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga wata shimfiɗar dutse da kaurinta bai cika mita 1 ba. Ta yaya ƙarfe mai daraja ke taruwa a wuri siriri haka? Kuma shin ta wannan hanya zinarin da ake haƙa a Anka da Maru ya samu?

Amsa: Wurin da ka karanta labarinsa shi ne Bushveld, a arewacin Afirka ta Kudu, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 66,000, kuma daga ƙasar ne kimanin kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya kowace shekara yake fitowa. Kimanin shekara miliyan 2,055 da suka wuce, narkakken dutse mai zafin da ya zarce digiri 1,200 ya taso daga can ƙarƙashin ɓawon duniya, ya kutsa tsakanin tsofaffin duwatsun yankin Transvaal, ya bazu a kwance ba tare da ya fito fili ba. Da ya fito kamar yadda yake fitowa daga dutse mai aman wuta, da ya daskare nan da nan, komai a cakuɗe. Kasancewar yana lulluɓe, sai ya yi ta hucewa a hankali tsawon dubban shekaru, kuma wannan jinkiri shi ne ya ba kowane ma'adini damar ware kansa.

Narkakken dutse ba ya daskarewa a lokaci guda. Ma'adinan da suka fi jure zafi, wato olibin da kuromait, su ne ke fara zama ƙwayoyi, sai fairoksin ya biyo baya, sai filajiyokiles mai haske, can daga ƙarshe kuma magnatait mai ɗauke da banadiyam. Kowane rukuni yana taruwa a ƙasan ɗakin da narkakken dutsen yake ciki, abin da ya rage a sama kuma haɗinsa yana canjawa, domin an ɗebe masa wani abu. Bugu da ƙari, ɗakin bai cika a zubi ɗaya ba: sabon narkakken dutse ya yi ta shigowa daga ƙasa yana mayar da jerin baya. Haka aka samu hawa a kan hawa har kaurin ya kai kilomita 8. A gaɓar Kogin Dwars, inda ruwa ya wanke dutsen, mutum yana ganin baƙaƙen zanen kuromait a kwance cikin farin dutse, wani ya rabu gida biyu ya sake haɗewa a gaba.

Sai dai wannan bayani bai amsa tambayarka ba tukuna. Narkakken dutsen Bushveld ba shi da filatinam mai yawa. Abin da ke cikinsa bai wuce giram 10 zuwa 20 a cikin tan 1,000 ba. A shimfiɗar da ake haƙa kuwa, ana samun wajen giram 5 na filatinam da 'yan'uwansa, irin su faladiyam da rodiyam, a cikin tan 1 kacal. Ke nan an ninka shi sau ɗaruruwa, alhali olibin da fairoksin ba sa karɓarsa cikin ƙwayoyinsu. Dole akwai abin da ya bi cikin ɗakin ya tsinto shi.

Abin da yawancin masana suka tsaya a kansa shi ne farar wuta. Narkakken dutse yana iya narkar da farar wuta ne gwargwadon wani iyaka, kuma idan aka wuce iyakan, sai ta haɗu da baƙin ƙarfe da nikel da jan ƙarfe, ta ware ta zama wani ruwa na dabam da ake kira salfayid, wanda ba ya gauraya da narkakken dutsen, kamar yadda mai ba ya gauraya da ruwa, illa dai a nan ɗigon ne ya fi nauyi, don haka nitsewa yake yi. Filatinam da danginsa sun fi son wannan ruwa nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa idan aka ba su zaɓi, yawansu a cikin ɗigon salfayid yakan ninka na cikin narkakken dutsen sau dubu goma ko ma fiye da haka ƙwarai. Saboda haka kowane ɗigo, a kan hanyarsa ta sauka, yana zuƙe ƙarfen da ke kewaye da shi.

A nan ne nake so ka natsu, domin ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa yawan salfayid shi ne yawan arziki, alhali ga filatinam akasin haka ne. Idan salfayid ya yi yawa, ɗan ƙarfen da ke akwai zai rarrabu a cikinsa ya tsinke. Abin da ake buƙata shi ne salfayid kaɗan wanda ya gogu da narkakken dutse mai ɗimbin yawa kafin ya kwanta. Masana duwatsu Campbell da Naldrett ne suka tsara lissafin wannan a 1979, kuma har yau da shi ake aiki. Shi ya sa shimfiɗar take siririya: ita ce tarin abin da 'yan ɗigo suka tace daga narkakken dutse mai zurfin ɗaruruwan mita da ke samanta.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Tun a tushe, sai sashen da ya narke a ƙarƙashin ɓawon duniya ya yi yawa sosai, ta yadda duk salfayid ɗin da ke can zai narke ya saki ƙarfensa. Sannan kada salfayid ya ware a hanya tun kafin a iso ɗakin, domin in ya ware da wuri, ƙarfen ya tafi zurfin da babu mai kai wa gare shi. Akwai duwatsu masu hawa-hawa da dama a duniya waɗanda ba su da komai saboda wannan dalili. Abin da ke sa a wuce iyakan farar wuta a daidai lokacin kuwa yakan kasance haɗuwar sabon narkakken dutse mai zafi da tsohon da ya fara hucewa, ko kuma narkar da duwatsun gefe masu farar wuta, kamar yadda ya faru a Norilsk ta Rasha.

Shimfiɗar da ka karanta ana kiranta Merensky. A 1924 wani manomi mai suna Andries Lombaard ya ga ƙwayoyin filatinam a rafi a gonar Maandagshoek, masanin duwatsu Hans Merensky kuma ya bi sawu har ya gano shimfiɗar, wadda daga baya aka bi ta fiye da kilomita 250. Idan ka riƙe guntunta a hannu, za ka ga manyan ƙwayoyin fairoksin masu duhu, da siririn baƙin zanen kuromait a sama da ƙasa, da ɗishi-ɗishin salfayid mai launin tagulla a tsakanin ƙwayoyin. Filatinam ɗin kansa ba za ka gan shi ba sai da madubin ƙara girma. Masu haƙa a durƙushe suke aiki cikin rami mai tsayin kusan mita 1, a wasu wuraren a zurfin kilomita 2.

Ban yarda a koya wa ɗalibi cewa magana ta ƙare a nan ba. A ƙarƙashin Merensky akwai shimfiɗar kuromait da ake kira UG2, wadda a yau ta fi Merensky ba da ƙarfe, amma salfayid ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai, abin da ya sa wasu ke ganin kuromait ɗin da kansa yana da hannu wajen kama ƙarfen. Haka kuma akwai wuraren da Merensky ke zurmawa ƙasa kamar kwari, aka kuma samu zanen kuromait manne a bangon kwarin, har a inda bangon ya rufo ta sama. Abin da ya nitso daga sama ba zai manne a irin wannan wuri ba, sai dai ya tsiro a nan inda yake. Masanin duwatsu Alan Boudreau da wasu kuma suna ganin ruwan zafi mai gishiri ne ya taso ta cikin ƙwayoyin da suka riga suka kwanta, ya kwaso ƙarfen ya ajiye shi a sama. A ganina bayanin salfayid ya fi ƙarfi wajen nuna yadda aka tara ƙarfen, amma yadda ya kwanta a inda yake har yanzu abin bincike ne.

Irin wannan tsari ne ya samar da shimfiɗar filatinam ta Great Dyke a Zimbabuwe, mai tsawon kusan kilomita 550, da ta Stillwater a jihar Montana ta Amurka, wadda faladiyam ya fi yawa a cikinta. A Skaergaard da ke Girinlan, inda salfayid ya ware a makare, shimfiɗar tana ɗauke da zinari tare da faladiyam.

Zinarin Anka da Maru kuwa hanyarsa dabam ce. Ba daga ɗakin narkakken dutse ya kwanta ba. Ruwan zafi ne ya ɗauko shi ta cikin tsagogin tsofaffin duwatsun da matsi da zafi suka sauya, ya ajiye shi a jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara, shi ya sa mai haƙa kan bi jijiya ta yi kauri, ta sirance, ta ɓace masa. Kuzar Filato ma daga giranit ta fito, wanda danginsa dabam ne da baƙaƙen duwatsun Bushveld. Mai neman filatinam sai ya fara samun baƙin dutse mai nauyi, mai olibin da fairoksin, wanda hawansa ke bayyana, sannan ya huda shi da na'ura ya kai samfurin kowace shimfiɗa ɗakin gwaji, domin a giram 5 cikin tan 1, ido ba ya bambanta dutsen da ke da ƙarfen da wanda ba shi da shi.