Tambaya da Amsa: Sakan 20 ɗin waƙar Indiya ta sa an toshe min bidiyo

TAMBAYA: Salam Malam. Ina ɗan haɗa gajerun finafinan barkwanci ne a nan Jekadafari, Gombe, to akwai wani da na sa masa waƙar Indiya, wallahi ko sakan 20 ba ta kai ba, har na rubuta a ƙasa cewa ba tawa ba ce, amma ƴan uwana a Saudiyya suka ce ba ya buɗuwa a wajensu, kuɗin talla kuma wai na kamfanin waƙar ne. Ba an ce ƙasa da sakan 30 ba laifi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar sakan 30 ɗin nan zancen majalisa ne kawai, ba ta cikin dokar kowa, rubuta "ba tawa ba ce" kuwa ai shaida ka bayar a kanka.

Abin da kake ji ana cewa feya yus, wato damar amfani da wani ɓangare na aikin wani ba tare da izininsa ba, dokar Amurka ce, sashe na 107 na dokarsu ta 1976, kuma ba izini ba ne, hujja ce da za ka kare kanka da ita gaban alƙali, shi zai duba me ka yi da kayan, wane irin aiki ne, nawa ka ɗiba, sannan ko ka taɓa wa mai shi kasuwa. Dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ita ma ta ba da dama irin wannan don sharhi, suka, nazari ko kawo labari. Da sharhin waƙar kake yi da sai mu ce kana da ta cewa, amma kai don fim ya yi armashi ka sa ta, ka ga kuwa ba ɗaya ba ne.

Batun Saudiyya kuma, kowace ƙasa da dokarta, sannan Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, wato waƙar Ba'indiye tana da kariya a nan kamar yadda fim ɗinka ke da ita a Indiya ko ba ka yi rajista ba. In YouTube ne, na'urarsu ta Content ID ce ke gane sautin, mai waƙar ya zaɓi ya toshe a wasu ƙasashe ko ya kwashi kuɗin talla. Wannan da sauƙi, wanda za ka ji tsoro shi ne gargaɗin cire bidiyo, guda 3 cikin kwana 90 ana iya rufe tashar gaba ɗaya, don haka kar ka ɗaukaka ƙara da zafin rai har mai waƙar ya nemi a cire bidiyon.

Ni dai da ni ne kai cire waƙar zan yi, in nemi mai kiɗa a situdiyo nan cikin Gombe ya buga min nawa, mu rubuta a takarda cewa ya yarda in ɗora a ko'ina a duniya, ya sa hannu.