Kana bin bashin miliyan 14, ba ka da ko takarda ɗaya

Tambaya: Malam, shekara uku ina kai wa wani kamfanin Turawa mai haƙar ma'adinai shinkafa, man girki da gas. Ɗan yayana ne mai kula da sito a can, shi ya haɗa mu, kuma a baki muke komai. Bayan sojoji sun karɓi mulki aka ƙwace kamfanin, Turawan suka tafi da bashina na sefa miliyan 14. Yaron ya ce in ci gaba da kai kaya, sababbin shugabanni za su biya har da na baya. Ya ce ma in ci bashi in ƙara tirela, arziki na tafe. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar tirela tukuna. "A baki muke komai", nan ciwonka yake, ba a juyin mulki ba.

Ƙwace ma'adinan baƙi tsohon abu ne. A 1971 gwamnatin Allende ta Chile ta karɓe mahaƙan tagulla daga kamfanonin Anaconda da Kennecott na Amurka, ta lissafa ribar da ta ce sun ci fiye da kima, ta cire daga diyya, kamfanonin suka tashi ba ko sisi a kan manyan mahaƙan. Sai bayan an kifar da ita a 1973 aka sasanta da su. A Nijar, Yunin 2025 gwamnati ta mayar da Somaïr, mai haƙar yuraniyom a Arlit, hannunta, wadda kamfanin Orano na Faransa ke da kusan kashi 63 cikin ɗari a cikinta. Orano ta garzaya kotun sasanci ta duniya da lauyoyi da tulin takardu. Masu takarda ke nan, kuma shekaru suke yi suna jira. Kai da me za ka je?

Na san wani mai tifa da ya yi wata takwas yana jibge yashi a irin wannan wuri. Da shugabanci ya sauya, ya je da littafin 'yan makaranta da yake rubuta lodi a ciki. Sabon akanta ya juya shafi biyu, ya ce, "Ina hatimi?" Shi ke nan. Tifa biyu ya sayar ya biya masu gidan mai.

Ɗan yayanka ba lallai maƙaryaci ba ne, amma mai sito ba ya sa hannu a ceki. Shi kansa bai san ko zai kai watan gobe a kujerarsa ba, kuma kayanka ne ke riƙe masa fuska a wajen sababbin iyayen gidansa. Ka lura da wannan.

Tun yana nan, a wannan makon, ya fito maka da kwafin kowace takardar shigar kaya sito mai sunanka. Ka haɗa da rasit ɗin kuɗin da aka taɓa biyanka, ka kai ofishin akanta, su rubuta cewa sun amince da bashin, da sa hannu da hatimi da kwanan wata. In sun ce miliyan 9 kaɗai suka gani, karɓi takardar miliyan 9, sauran a yi ta jayayya daga baya. Sannan ka ga lauya, ko da zama ɗaya ne.

Sabon kaya kuwa, kuɗi hannu. In sun ƙi, buhun shinkafa ba ya rasa mai saye a kasuwa. Tirela ta biyu kuma, ka sake rubuto mini ranar da rabin kuɗinka ya shigo.