Yaya ake gane madugun ƙwallon Amurka tun yana jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Gwammaja, kuma shekara biyu ke nan da na fara bin ƙwallon Amurka a waya. Kwanaki na ga bidiyon wani yaro ɗan jami'a ya durƙusa a kan gwiwa ya wurga ƙwallo ta kusa rabin fili. Na ce wa abokaina lallai shi za a fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa. Wani abokina ya ce duk abin cinikin biri ne a sama, su kansu masu zaɓen ba su san abin da suke yi ba. Wa ke da gaskiya? Me ake dubawa kafin a ɗauki kwatabak?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kada ka faɗa masa ni na ce, domin shi ma ya zarce.

Bari in ɗan shimfiɗa wa waɗanda ba sa kallon wasan. Kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Shi ke karɓar umarnin koci, ya faɗa wa sauran mutum goma, ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, sannan ya yanke shawarar wanda zai jefa wa. Ni madugu nake kiransa, don aikinsa ya fi kama da na mai jan ayari fiye da na lamba goma a ƙwallonmu. Ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, 32 ne, kuma duk ƙarshen watan Afrilu suke zama su zaɓi yaran da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Daren farko ana farawa ne wajen ƙarfe ɗaya na dare agogonmu. Na sha zama ni kaɗai a tsakar gida da waya da sauro ina jira, uwargida ta leƙo ta ce wai ko ni ne za a ɗauka.

Wannan jifan daga gwiwa da ya burge ka, an taɓa yin wanda ya yi suna da ƙarfin hannu irin haka. JaMarcus Russell na jami'ar LSU, shi Oakland Raiders ta ɗauka a lamba ta ɗaya a 2007. A 2010 ta sallame shi. Ƙarfin hannu kamar ƙahon ragon layya ne, shi ido ke fara gani a kara, amma mai sayen da ya san abin da yake yi ƙugu yake shafawa ya buɗe baki ya ga haƙora.

Akwai gwajin da ake yi a birnin Indianapolis wajen ƙarshen Fabrairu. Ana auna tsayi da nauyi da faɗin tafin hannu, a sa yaro ya yi gudun yadi 40, yadi dai irin na 'yan Kwari. 'Yan jarida na son wannan taro saboda yana ba su lambobin da za su yi gardama a kai. A 2020 an yi ta surutu cewa tafin Joe Burrow inci 9 ne kawai, wai ƙwallo za ta riƙa sulɓe masa. A kakarsa ta biyu ya kai Cincinnati wasan ƙarshe na Super Bowl. Tom Brady kuwa daƙiƙa 5.28 ya yi a gudun nan a shekarar 2000, gudun da wani mai shayi mai tumbi zai iya ƙalubalanta. An ɗauki madugai shida kafin shi, sai a lamba ta 199 New England ta kira sunansa. Ya yi ritaya da kofin Super Bowl bakwai. Abin da ya fi amfani a taron nan ba a nuna shi a talabijin: binciken likitoci, da 'yan mintunan da kociyoyi ke keɓewa da yaro a ɗaki. Sukan zana masa tsarin hari a allo, su goge, su ja shi da wata hira, sannan su ce ya tashi ya sake zanawa ya bayyana aikin kowa.

To ni me nake dubawa? Da farko ba na kallon bidiyon da aka tace aka sa masa kiɗa. Wannan tallar 'yan kasuwa ce. Cikakken wasa nake nema, kuma na fi son wanda aka ci ƙungiyarsa. Sai in kashe murya, in daina bin ƙwallo da ido, in kalli kan yaron da ƙafafunsa. A NFL madugu bai fi daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba kafin ƙattai su afka masa. A cikin wannan ɗan lokaci, idan wanda ya fara nufa an tsare shi, kansa yana juyawa zuwa na biyu da na uku, ko kuwa idonsa kafewa yake a kan mutum ɗaya har ya jefa wa abokan hamayya? Idan ya ji iskar mai tahowa, yana matsawa taku ɗaya gaba idonsa na can nesa, ko sunkuyar da kai yake ya arce? Wanda ke sunkuyar da kai a jami'a da wuya ya daina a inda masu bin nasa suka fi girma da sauri.

Sai kuma lokacin da yake sakin ƙwallo. A jami'a, musamman idan yaro na babbar makaranta ce da ta tara zaratan 'yan wasa, za ka ga mai karɓa a sake, babu kowa kusa da shi, ko ni zan same shi. Hatta zanen filin ya bambanta: layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu tazararsu ƙafa 40 ce a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi, don haka babu wannan ɓangaren mai faɗi da ake sakewa a cikinsa. Can dole ka jefa tun mai karɓa bai juyo ba, ka aika ƙwallo inda zai isa, kamar yadda gwanin ɗan tsakiya ke zura fasin a gaban mai gudu. Idan na ga yaro sai ya ga mutum a sake da idonsa sannan yake jifa, ina rage masa maki ko da alƙalumansa sun cika shafi.

Ina kuma ƙirga wasannin da ya fara. Chicago ta ɗauki Mitchell Trubisky a lamba ta 2 a 2017 alhali wasa 13 kacal ya fara a jami'a, ta bar Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama gwanin madugai, ya kai lamba ta 10. San Francisco ta ba da manyan zaɓukanta na shekaru masu zuwa don ta hau ta ɗauki Trey Lance a lamba ta 3 a 2021, shi ma wasa 17 ya fara. Wanda ya ƙarasa riƙe musu ƙungiyar shi ne Brock Purdy, mutumin ƙarshe da aka kira a 2022, lamba ta 262, wanda ya yi shekara huɗu yana shan bugu a jami'ar Iowa State.

Duk da wannan dogon bayani, ga nawa kason. A 2018 na rantse a majalisarmu ta Zoo Road cewa Josh Rosen ne ya fi kowa shiri, Josh Allen kuma ba zai kai labari ba, tunda kashi 56 cikin ɗari na jifansa kawai ke isa hannu a jami'ar Wyoming. Arizona ta rabu da Rosen bayan shekara ɗaya. Allen ya gyara ƙafafunsa da salon jifansa a Buffalo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zamani. A 2018 ɗin dai Lamar Jackson sai a lamba ta 32 aka ɗauke shi, har akwai masanan da suka ce ya haƙura ya koma mai karɓa, sai ga shi gwarzon kaka a 2019 da 2023. Har gobe idan Buffalo ta ci wasa sai wani ya turo mini saƙo da asuba yana yi mini jaje.

Abin da na raina a wancan lokaci shi ne gidan da yaro ya faɗa. Mahomes ya samu koci Andy Reid, ya yi kusan kaka guda a benci yana koyo a bayan Alex Smith. David Carr, lamba ta ɗaya a 2002, ya faɗa sabuwar ƙungiyar Houston da ba ta da masu kare shi, aka kayar da shi sau 76 a kakarsa ta farko. Wanda ya sha wannan duka ko a masallaci aka taɓa kafaɗarsa sai ya zabura. Don haka idan an kira sunan yaron naka a Afrilu, ka duba su wane ne mutum biyar da za su tsaya a gabansa, kuma kocin da ya ɗauke shi zai kai baɗi ko kujerarsa na rawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai horar da yara ne a Kurna. Me ya sa a Amurka ake ba ƙungiyar da ta zo ƙarshe damar fara zaɓe? Ba lada ake ba ragwanci ba? Zai yiwu a yi haka a gasarmu?

AMSA: Koci, sannu da ƙoƙari. Dalilin shi ne can ba a faɗuwa daga gasa. Ƙungiyoyin nan 32 tamkar 'yan kasuwa ne masu rumfa ɗaya, idan guda ta mutu cinikin kowa ya ragu, shi ya sa ake tallafa wa ta baya. Mu kuwa da Pillars ta gaza a 2022 gangarawa ta yi rukuni na ƙasa, duk da kofunanta huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sai da ta yi gumi ta dawo a 2023. Ƙorafinka na ragwanci ma yana da tushe, don akan zargi wasu ƙungiyoyin can da sakin jiki a ƙarshen kaka idan sun hango madugu mai kyau na tafe. A nan abin ba zai zauna ba, tunda 'yan wasanmu ba daga gasar jami'o'i suke fitowa ba. Daga hannun irinku suke fitowa, a filayen makarantun firamare da na unguwa, kuma yaron da ya yi fice ba ya jiran wata ƙungiya ta kira sunansa, wakili ya riga ya zo gidansu da maganar gwaji a Turai.