Tambari da Shafin Kamfanin Makamashi: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu da ke shirin buɗe kamfanin sayar da kayan sola ya tambaya: kore zai sa a tambarinsa ko rawaya?

Malam, ɗauki ɗaya ka wuce wurin. Kamfanin Shell yana amfani da alamar ɓawon nan na teku tun 1904, a 1971 wani mai zane, Raymond Loewy, ya sauƙaƙa zanen, yau ko ba a rubuta suna ba kowa ya san mai ita. Naci a kan alama guda ne ya kai su nan. Ka dai buga tambarin da baƙi da fari, ka ƙanƙanta shi kamar kan yatsa. In ya dagule, a sake zane.

Wata baiwar Allah mai harkar iskar gas ta ce wanda ya haɗa mata shafin intanet da sunansa ya yi rajistar adireshin, abin har ya hana ta barci.

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, mutane da yawa sun faɗa wannan ramin kuma sun fito. Ki same shi tun ana ga-maciji, ya mayar da rajistar kan sunan kamfaninki da imel ɗinki, sannan ki canja kalmar sirri. Adireshin haya ne, sabunta shi ake yi, in wa'adi ya wuce wani na iya ɗaukewa. Ki karɓi asalin fayil ɗin tambarin ma.

Na uku yana son bidiyon da zai tashi da kiɗa da zarar an buɗe shafinsa, wai don burgewa.

Haba ɗan'uwa! Mai neman batir ko inbata da waya zai shigo, datarsa yake lissafi, kafin bidiyon ya gama lodi ya tafi. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya jabun kaya ne, kuma wannan shi ne abin da ke ƙona min rai. Farantin sola a liƙa masa takardar wat ɗin da bai kai ba, tsohon batir a goge a sa masa sabon kwali, sai an ɗaura dare ya yi wuta ta ɗauke. Masu wannan ta'asa suna kwafe tambari da hotunan kamfanonin kirki, su buɗe shafi mai adireshin da harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaske. Ko https da ake gani a adireshi bai wanke kowa ba, tunda kyauta ma ana samun shaidarsa. Abin da yake nufi kawai an suturta saƙo a hanya.

To me zai raba ka da su? Hoton kayanka na ainihi, ba wanda aka tsinto ba. Ƙarfin kowane faranti, nau'in batir, litiyam ne ko na dalmar nan mai ruwa, tsawon garanti da abin da ke ɓata shi, duk a fili. Adireshin ofis da wayar da ake ɗagawa. Ka yi wa tambarin rajista a hukumance don ka sami bakin ƙara. Kuɗin bidiyon kuma ka zuba su a kafar da mai saye zai rubuta lambar jikin batirinsa, ya ga ko daga hannunka ya fito.