Amsa: Ko ginin tukwane zai taimaki mayunwata?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kaskon da kike ginawa a ƙauyenku na Ringim zai iya ciyar da masu yunwa a birni. Sosai kuwa. A jihar Michigan ta Amurka an fara shirin Empty Bowls a 1990: magina su ba da kwanonin yumɓu kyauta, mutum ya biya kuɗi ya sha miya a ciki ya tafi da kwanon, kuɗin kuma a ciyar da mabukata.

Sharaɗin shi ne lokaci. Ki gina ki gasa tun da rani, don da damina yumɓu ba ya bushewa da wuri. A lokacin ne kuma rumbuna ke ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwar Dawanau ta Kano. Kuɗin ya shigo kafin nan, ki sayi gero da sauƙi.